Sa Hannu Daban, Tabbatarwa Daban: Gana da Yarjejeniyoyin Kare Yara

Ɗalibin da ke sauraron labaran rediyo zai sha jin an ce ƙasa kaza ta "rattaba hannu" a kan yarjejeniya, wani lokaci kuma a ce ta "amince" da ita. Masu fassara sukan gwama kalmomin biyu, alhali kuwa matakai ne daban-daban. Sa hannu nuna niyya ne kawai. Tabbatarwa ita ce ke ɗaure ƙasa da alkawari. Amurka, alal misali, ta sa hannu a kan Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1995, amma har yau ba ta tabbatar da ita ba.

Gana kuwa ita ce ƙasa ta farko a duniya da ta tabbatar da wannan yarjejeniya, a watan Fabrairun 1990, wato wata uku ma ba su cika ba bayan da aka zartar da ita a ranar 20 ga Nuwamban 1989. A shekarar 2000 ta tabbatar da yarjejeniya mai lamba 182 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta haramta munanan ayyukan da ake sa yara. A 2012 kuma ta shiga yarjejeniyar Palermo kan fataucin mutane.

Akwai mataki na uku, kuma a ganina shi ya fi muhimmanci: mayar da yarjejeniya dokar gida, domin da dokar ƙasa alƙali ke hukunta mai laifi. Saboda haka majalisar Gana ta kafa Dokar Yara a 1998, sannan Dokar Fataucin Mutane a 2005. Ta farkon ta ce ba a ɗaukar yaro aiki sai ya kai shekara 15, aiki mai sauƙi kuwa sai ya kai 13, mai haɗari kuma sai 18. Dakon kaya masu nauyi yana cikin ayyukan da ta lissafa a matsayin masu haɗari.

To, mu duba Tudu da Nima da Mamobi a birnin Akra, wanda fatakenmu na dā ke kira Ankara. A kasuwanni da tashoshin mota za ka ga 'yan mata 'yan dako da manyan kwanoni a ka, yawancinsu daga arewacin ƙasar, wasunsu ƙanana ƙwarai. "Kayayei" ake ce musu. Kalmar kanta abin nazari ce: "kaya" Hausa ce, "yei" kuwa mata ke nan a harshen Ga. Ba kowacce aka yi fataucinta ba. Da yawa da ƙafarsu suka zo neman kuɗin kayan aure ko na makaranta. Amma idan wata ce ta kawo yarinya daga ƙauye, tana karɓe abin da ta samu kullum, to magana ta canja.

A nan ne mai fassara ke cin karo da matsala. A zango, kamar a ƙasar Hausa, riƙo tsohuwar al'ada ce: gwaggo ko inna ta ɗauki 'yar ɗan'uwa ta raina, ta aurar. Ba wanda zai kira wannan fatauci, don a kunnen Bahaushe fatauci na goro ne da shanu. Dokar 2005 ba ta hana riƙo ba. Abin da take dubawa shi ne manufa: in an ba da yaro ne domin wani ya ci guminsa, laifi ne, ko da sunan riƙo aka yi. Ta kuma ce yardar iyaye ba hujja ba ce a gaban kotu, kuma hukuncin da ta tanada ɗaurin shekara 5 ne aƙalla.