Me Ya Sa Jiki Ke Korar Dashen Dabba?

A ƙauyukan arewacin Adar, wajen Afala da Takanamat, mai ciwon suga irin na ƙuruciya yana da aiki biyu. Sai ya samo allurar insulin daga Tawa, sannan ya san yadda zai adana ta a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Inda babu firiji, akan sa kwalbar cikin tukunyar ƙasa a binne a jiƙaƙƙen yashi. Wanda ya ga wannan wahala zai gane abin da ya sa likitoci suka daɗe suna neman hanyar mayar wa jiki abin da ke yin insulin ɗin da kansa.

Abin da ke yin sa wasu ƴan dunƙulen ƙwayoyi ne a warwatse cikin fankiriyas, gaɓar da ke kwance a bayan tumbi. Paul Langerhans ne ya gano su a Balin a 1869, ana kuma kiran su tsibirai. A ciwon suga nau'i na ɗaya, wato irin na ƙuruciya, garkuwar jikin mutum ce da kanta ke hallaka ƙwayoyin. A shekarar 2000, James Shapiro da abokan aikinsa a Edmonton ta Kanada suka dasa wa mutum bakwai tsibiran da aka ciro daga mamata, dukkansu suka daina allura na wani lokaci. Sai dai mutum guda yakan buƙaci na mamata biyu ko fiye, masu bayarwa kuma ba su da yawa. Wannan ƙaranci ne ya mai da hankali kan dabbobi.

Tunanin ba sabo ba ne. A 1893, a Biristol ta Ingila, likita Watson-Williams ya sa wa wani yaro gutsattsarin fankiriyas na tunkiya a ƙarƙashin fata. Yaron ya rasu bayan kwana uku. Daga baya aka fi karkata ga alade, domin insulin ɗinsa ya bambanta da na mutum ne a wuri ɗaya tak, na saniya kuwa a wuri uku. Kafin 1982, da insulin na waɗannan dabbobi biyu masu ciwon suga suka rayu. Ke nan ba a shakkar ko insulin ɗin alade zai yi aiki. Karɓar ƙwayoyin da ke yin sa ita ce matsalar.

Makiyayi a Abalak ya san tunkiya ba ta shayar da ɗan da ba nata ba. Da ta sansana shi sai ta tunkuɗe. Garkuwar jiki ma alama take dubawa. Ƙwayoyin alade suna ɗauke da wani sukari a bayansu mai suna alfa-gal, wanda mutum da biran Afirka da Asiya ba su da shi, kuma jininsu cike yake da makaman yaƙarsa tun kafin su haɗu da dashe. Shi ya sa ake gwaji a kan irin waɗannan birai: ƙin da jikinsu ke yi ya yi kama da namu.

Harin farko yakan zo cikin mintuna. Ana zuba tsibiran ta babbar jijiyar da ke kai jini hanta, don su maƙale a can. Da sun taɓa jinin sai ya fara daskarewa a kansu, wasu sinadaran jini su huda su, kumburi ya tashi. Kaso mai yawa kan mutu kafin su sami wurin zama. Waɗanda suka tsira sai fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ake kira ƙwayoyin T, su gane su cikin kwanaki su far musu. Wannan hari na biyu shi ne ya fi wuyar tarewa.

Carl Groth na Suwidin ya dasa wa mutum goma tsibiran tayin alade a farkon shekarun 1990. An ga alamar ƙwayoyin sun rayu watanni a jikin wasunsu, amma babu wanda ya bar allura. A 2006 ne masu bincike a jami'o'in Minnesota da Emory na Amurka suka nuna birai masu ciwon suga sun yi fiye da kwana 100 sukarinsu daidai da tsibiran alade. Sirrin wani magani ne da ke toshe alamar CD154, wadda ƙwayoyin T ke amfani da ita wajen kiran yaƙi. Abin takaici, wannan maganin ya haddasa gudajin jini a jijiyoyin mutane, dole aka koma neman madadinsa.

A ganina nan ne maganar ta fi shafar mutanenmu. Duk maganin da zai kwantar da garkuwa don ta bar dashe, ya kwantar da ita a gaban tarin fuka da sauran cututtuka. Mutumin da ke nesa da babban asibitin Tawa da rabin yini ba zai iya wannan caca ba. Hanyoyin da ba sa raunana majiyyaci su ne abin sa ido. Ɗaya ita ce a naɗe tsibiran cikin wani danƙo da ake samu daga ciyawar teku, mai barin sukari ya shiga insulin ya fita, ya tare ƙwayoyin garkuwa. An gwada wannan a kan mutane a Niyu Zilan da Ajantina, amfanin ya zo kaɗan, domin jiki kan lulluɓe ƙunshin da tabo ya hana shi iska. Ɗayar ita ce a gyara aladen kansa. Tun farkon shekarun 2000 aka haifi aladun da aka cire wa alfa-gal, a 2017 kuma aka samar da waɗanda aka kashe musu wasu ƙwayoyin cuta da ke ɓoye cikin gadonsu.

Akwai kuma tambayar da Musulmin Adar zai fara yi tun kafin duk wannan: alade fa? Malamai sun daɗe suna tattauna hukuncin magani da haramtaccen abu idan rai na cikin haɗari kuma babu madadi. Lokacin tattaunawar bai ƙure ba, domin har yau babu asibitin da ya mai da dashen tsibiran alade maganin yau da kullum.