Buhu, Laba da Kilo: Awon da Ke Cinye Ribar Manomin Kebbi

Manomin shinkafa a fadamun Kalgo da manomin albasa a Gwandu da buhu suke lissafin guminsu. Masana'antun sarrafa shinkafa kuwa, irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu, da kilo da tan suke lissafi. Buhu girma yake nunawa, sikeli kuma nauyi, kuma duk wanda ya iya juya ɗaya zuwa ɗaya shi ke riƙe da ciniki. Don haka sanin awo ya zama wajibi ga manomi kamar sanin lokacin shuka.

Lissafin ba shi da wuya. Laba ɗaya, wadda Turawan mulkin mallaka suka riƙa auna gyaɗa da auduga da ita, giram 454 ce, wato ba ta kai rabin kilo ba. Kilo ɗaya kuma laba 2.2 ne. Najeriya ta koma tsarin kilo da dokar awo ta 1974, amma tsohon awon bai mutu ba a kasuwar duniya. A Chicago har yau ana faɗin farashin shanshera ne a kan laba 100, wato kilo 45 da ɗoriya. Tan ma kashi uku ne: na Amurka kilo 907, na tsarin kilo 1,000 cif, tsohon na Ingila 1,016. Wanda ya ji farashin tan a rediyo bai tantance wanne ake nufi ba, zai iya yin kuskuren kusan kashi 10 cikin 100, buhu guda ke nan a kowane goma. Ba ƙaramin abu ba ne ga mai noman rani da ya sayi fetur ya ba gonarsa ruwa.

Za a ce mudu da tiya sun riƙe kasuwanninmu tun kaka da kakanni, kuma sikeli ma ana murɗe shi. Haka ne, amma a dubi yadda ake awo a rumfa. Mai saye ya tula tiya har ta yi tozo, ya kare bakinta da tafin hannu kada ta zube. In zai sayar sai ya ɗauko wadda gindinta ya loɓa. Buhun albasa a ɗinka masa hula a baki, a cusa ƙari, farashi bai motsa ba. Babu wani abu tsayayye da za a gwada waɗannan da shi. Sikeli kuwa yana da shaida: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce a ko'ina, kuma buhun taki da ba a buɗe ba kilo 50 ya kamata ya nuna. Ƙungiyar manoma za ta iya gwada sikelin ɗan kasuwa da waɗannan a gaban kowa.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na danshi, domin ɗanyar shanshera ta fi busasshiya nauyi, mai saye kuma yana da hujjar ragewa. Maganinsa a auna danshin da na'ura, a rage bisa ƙa'idar kusan kashi 14 cikin 100 da masana'antu ke nema, maimakon a bar wa dillali ya gutsuri ƙwaya da haƙori ya yanke hukunci. Sashen kula da ma'aunai na ma'aikatar ciniki ta tarayya shi doka ta ɗora wa duba sikeli, kuma ranar kasuwa a Gwandu da Kalgo ne ya kamata a riƙa ganin jami'ansa.