Zumunta da Na'urorin Zamani a Idon Fasihai

Hausawa na cewa zumunta a ƙafa ta ke. Watau wanda ya ke son ɗan'uwansa sai ya tashi ya taka ya je gare shi, wahalar tafiyar kuwa ita ce shaidar ƙauna. To, ga shi an shigo zamanin da uba ke zaune a Kano yana kallon fuskar ɗansa da ke karatu a Landan ta cikin wayar hannu. In an ɗauke wa ƙafa aikinta, me ya saura na zumunta? Waɗansu fasihai na Turai da Amurka sun daɗe suna auna wannan al'amari, ayyukansu uku kuma sun isa misali.

Na farko an yi shi a watan Nuwamba na 1980. Kit Galloway da Sherrie Rabinowitz suka kafa manyan allunan majigi biyu a bakin titi, ɗaya a Niyok, ɗaya a Los Anjalis, tsakaninsu kusan kilomita 4,000, suka haɗa su ta tauraron ɗan Adam. Ba su yi shela ba. Masu wucewa sai suka ga mutanen wancan birni tsaye a gabansu, daidai tsayinsu, ana jin maganarsu. A daren farko baƙi ne ke ɗaga wa juna hannu suna raha. Kafin dare na uku labari ya bazu, har dangin da suka daɗe ba su ga juna ba suka riƙa sa alkawari su hallara a wurin. Abin lura a nan shi ne, kowa sai da ya bar gidansa ya tako gaban allon. Ƙafa tana nan da aikinta.

Na biyu na Paul Sermon ne, mutumin Ingila, wanda ya nuna a ƙasar Finlan a 1992. Ya ajiye gadaje biyu a garuruwa biyu, ya haɗa su da layin tarho mai ɗaukar hoto, ta yadda surar wanda ke kwance a wancan gado za ta bayyana a kan wannan. Baƙo kan miƙa hannu ya taɓa hannun surar, alhali zanen gado kaɗai ya ke shafawa. Waɗansu ma sukan ji nauyin hawa gadon, sai ka ce mutum ne da gaske a kai. Ashe kunya na iya kama mutum a gaban hoto, domin zuciya ta riga ta karɓe shi a matsayin mai shi.

Na uku ya juya maganar. A 2015 aka san hotunan da Eric Pickersgill, wani mai ɗaukar hoto na Amurka, ya yi wa iyalai da ma'aurata. Yakan bar su su duƙufa a kan wayoyinsu, sa'an nan ya zare wayar daga hannun kowa, ya ce kada su motsa, ya ɗauka. Sai ga miji da mata a gado ɗaya, kowa ya ba ɗan'uwansa baya, ya ƙura wa tafin hannunsa ido. Jikuna sun haɗu, hankula sun watse.

Idan aka jera ayyukan nan uku za a ga cewa na'ura ta rage nisa ƙwarai, amma ba ta yafe wa kowa kuɗin zumunta ba. Dā da ƙafa a ke biya, yanzu da hankali da lokaci. Ma'aikacin da aka tura wani gari mai nisa, ya keɓe rabin sa'a ya kira mahaifiyarsa ya saurare ta har ta gama, ya biya. Wanda kuwa ya aika wa mutum ɗari gaisuwar Juma'a iri ɗaya da latsawa guda, bai taka ko'ina ba tukuna.