Kuɗi na zuwa ta waya, zaure kuwa ya yi tsit

Mutanen Japan suna da kalma, kodokushi, ga wanda ya mutu shi kaɗai a ɗakinsa, gawar ta yi kwanaki ko makonni ba wanda ya leƙa. 'Yan sandan ƙasar sun ƙidaya sama da mutum 76,000 masu zaman kaɗaici da aka tsinci gawarsu a gida a 2024, kuma wajen kashi uku cikin huɗu nasu sun kai shekara 65 ko sun haura. Ba yunwa ce ta jefa su cikin wannan hali ba. Matasa sun kwarara Tokyo da Osaka neman aiki, haihuwa ta ja baya, rai ya yi tsawo, ga kuma ɗabi'ar gudun ɗora wa wani nauyi. Abin ya kai gwamnati ta naɗa minista na musamman kan kaɗaici a 2021, shekara uku bayan Birtaniya ta yi haka.

Bahaushe zai ji wannan ya ce Allah Ya kyauta, mu nan ba ma yar da iyaye. Haka ne, ba ma yarwa. Sai dai abin da ya riƙe tsofaffinmu a da ba tausayi kaɗai ba ne, ana bukatarsu. A gidan gandu maigida ke riƙe da rumbu, shi ke raba aiki, a zaurensa ake sulhu, shi ake turawa neman aure. Tsohuwa kuwa ita ce ungozoma, ita ke tsaye kan wankan jego, wurinta ake kai yaye, da dare jikoki su kewaye ta don tatsuniya. Wanda ake nema sau goma a yini, yaushe zai sami sukunin kewa?

Yau an raba gado, gona ta zama 'yan falle-falle, ci-ranin da ake dawowa da saukar damina ya koma zama na dindindin a Abuja, Legas ko Abijan. Haihuwa ta fara komawa asibiti, kuma hakan alheri ne, amma ya karɓe aikin kaka ba a ba ta wani ba. Jikan da ke gida ma idonsa na kan waya. Ɗa na gari yana turo kuɗi duk wata, ya bugo waya ya ce, "Baba, ya jiki?" Baba ya ce, "Lafiya lau, Allah Ya yi albarka." Kawaici ba zai bar shi ya ce tun hantsi bai yi magana da kowa ba.

Cikin maza, wanda ya fi ban tausayi shi ne dattijon da 'yan bindiga suka taso daga ƙauyensa a Zamfara ko Katsina. Saurayi zai yi sababbin abokai a tasha ko kasuwa. Mai shekara 75 kuwa ya baro majalisarsa da sahun da ya saba tsayawa, ya zo garin da ba wanda ya san sunan ubansa.

Maza ma da sauƙi, masallaci na fitar da su sau biyar, har ranar da gwiwa ta ƙi. Tsohuwar da ta fita takaba, sa'o'inta sun ƙare, kunne ya yi nauyi, ita ce ake mantawa a ɗakin ƙurya. In gigin tsufa ya sa ta fara surutu ita kaɗai, a wasu wuraren har maita ake laƙaba mata, yara su daina shiga.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2025 mutum ɗaya cikin shida a duniya na fama da kaɗaici, kuma likitoci na danganta shi da ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da saurin ruɗewar tunani. Don haka in Inna ta rage cin abinci ko ta yi shiru a taro, a duba kunnenta da idonta kafin a ce rigimar tsufa ce. A mayar mata da wani aiki, ko tsinke zogale ne, ko riƙon kuɗin adashe. A tura mata jika da hutu. Limamin unguwa kuma, in ya ga gurbin wani dattijo kwana biyu a sahun asuba, ya aika a buga ƙofarsa.