Gyaran Gida A Zamanin Tsada: Inda Ya Kamata Kuɗin Magidantan Anguwan Rogo Su Fara Sauka

Jos. Da zarar ruwan sama ya ɗauke a ƙarshen watan Oktoba, kasuwar gyaran gida kan buɗe a unguwannin birnin Jos. A lokacin ne magidanta kan duba ɓarnar da damina ta bari: bangon da ya jiƙe, da rufin da ya yi yoyo, da daɓen banɗakin da ya farfashe. A Anguwan Rogo, wadda ke maƙwabtaka da Jami'ar Jos a Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, wannan aiki ya sauya kama a 'yan shekarun nan. Maimakon a kira magini a danƙa masa aikin baki ɗaya, magidanta da dama sun koma sayen kaya kaɗan-kaɗan, suna yin abin da za su iya da hannunsu, suna bar wa masu sana'a abin da ya gagara.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da kuma sakin darajar Naira a watan Yuni na wannan shekarar, Dalar Amurka ta tashi daga wajen Naira 460 a farashin gwamnati zuwa fiye da Naira 1,500 a 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashin kayayyaki ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024. Buhun siminti, wanda bai kai Naira 5,000 ba a yawancin kasuwanni a farkon 2023, ya haura Naira 10,000 a wasu wurare cikin Fabrairun 2024, abin da ya sa Ministan Ayyuka, Injiniya David Umahi, ya zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge, aka tsayar da farashi tsakanin Naira 7,000 zuwa 8,000. Ko a wannan farashi na sama, mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sanya wa hannu a watan Yuli na 2024 bai isa sayen buhu tara ba.

A irin wannan hali, tambayar da ke gaban magidanci ita ce: daga ina za a fara? Ido ya fi karkata ga falo, wurin da baƙi ke zama, a sa labule da kujeru da silin mai ado. Amma lissafi ya nuna cewa kuɗin da aka kashe a inda ruwa ke bi, wato rufi da magudana da banɗaki, su ne ke kare duk wata kwalliya da za ta biyo baya. Fentin da aka shafa a bango mai laima ba ya wuce damina guda.

Yanayin Jos da abin da yake jawowa

Birnin Jos na zaune ne a kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, kuma yana samun ruwan sama na wajen milimita 1,400 a shekara, wanda ya ɗara na Kano da Katsina da Sakkwato nesa. Saboda haka ginin da zai daɗe bai nuna gajiya ba a can, a nan cikin 'yan shekaru zai fara zubar da yaɓe daga ƙasa. Bugu da ƙari, ƙasar garin na da duwatsu, abin da ke sa haƙa ramin masai mai zurfi ya yi wuya, ya kuma yi tsada.

Anguwan Rogo na da cunkoso, gidaje a manne da juna, kuma a gidajen haya da yawa iyalai kan yi tarayya a kan banɗaki guda. Ruwan famfo ba ya wadatarwa, don haka jama'a kan dogara ga rijiyoyi da burtsatse da 'yan ga-ruwa. Idan masai da rijiya suka kusanci juna a tsakar gida ɗaya, lafiyar kowa na cikin haɗari. Ƙa'idar da masana tsabtar muhalli suka saba bayarwa ita ce a bar ratar mita 30 tsakaninsu, wadda ba kasafai fili ke bari a same ta ba a irin waɗannan unguwanni. Inda hakan ya faskara, abin yi shi ne a ɗaure ramin da bulo da siminti, a ɗaga bakin rijiya, a yi mata murfi, a kuma tafasa ruwan sha ko a sa masa magani.

Mazauna yankin ba su manta da daren 22 ga Yuli, 2012 ba, lokacin da ruwan sama mai ƙarfi ya sa madatsar Lamingo ta tumbatsa, ambaliya ta ratsa unguwannin da ke bakin kogi, ciki har da Rikkos da Gangare da Anguwan Rogo, ta hallaka aƙalla mutum 35. Darasin da ya rage ga mai gyaran gida shi ne, ɗaga dokin ƙofa da daɓen banɗaki, da yashe magudana kafin damina, sun fi kowane irin ado muhimmanci.

Lissafin banɗaki

A ɗauki banɗaki mai tsawon mita biyu da faɗin mita ɗaya da rabi. Daɓensa murabba'in mita uku ne. Idan za a lulluɓe bangonsa da tayil har sama, tsayin mita 2.7, ana bukatar kusan murabba'in mita 19. Idan kuwa aka tsaya a tsayin mita 1.2, wato iyakar inda ruwa ya fi fantsama, murabba'in mita takwas da 'yan kai sun wadatar, sauran a shafa masa fentin mai. Da wannan shawara kaɗai an rage fiye da rabin kuɗin tayil na bango, da simintin da zai ci, da ladan mai aiki.

Tayil mai faɗin santimita 30 a kowane gefe, guda 11 ne da ɗan ɗori ke cika murabba'in mita. Yana da kyau a ƙara kashi 10 cikin ɗari a kan abin da awo ya nuna, saboda yanka da fashewa, domin idan aka koma kasuwa daga baya ba lalle ne a sami launi iri ɗaya ba. Na daɓe kuwa ya zama mai kaushi, ba mai santsi ba, musamman a gidan da ke da tsofaffi da yara. Wanda ƙarfinsa bai kai na sabon tayil ba, fasassun tayil da ake sayarwa a buhu suna yin daɓe mai ƙarko idan an jera su da kula. Wanda ko wannan ya fi ƙarfinsa, daɓen siminti zalla ya ishe shi: kwano ɗaya na siminti, uku na yashi mai kaifi, a karkatar da shi da santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita zuwa ga rariya, a riƙa yayyafa masa ruwa har kwana bakwai kafin a fara amfani da shi. Rashin wannan karkata da rashin yayyafin su ne tushen mafi yawan daɓen da ke lalacewa da wuri.

Sai batun masai. Na zama mai tankin ruwa yana da kyan gani, amma tsohon samfuri kan zubar da lita tara ko fiye a kowane kora. Gidan mutum goma, kowa sau uku a yini, lita 270 ke nan, kusan jarka 11 ta lita 25 a kullum. A inda ake sayen ruwa a kura, wannan nauyi ne da ba ya ƙarewa, kuma ƙarshensa a daina korawa, kyakkyawan abu ya koma abin ƙyama. Na tsugunno da ake korawa da buta ko ƙaramin bokiti yana cin lita biyu zuwa uku. Akwai kuma na roba samfurin SATO, na kamfanin LIXIL na ƙasar Japan, wanda ake ɗorawa a bakin ramin gargajiya. Yana da marfi da ke rufe kansa, yana hana ƙuda da wari, kuma ruwan da yake bukata bai wuce lita guda ba.

Ga mai masai na rami, gyara mafi araha shi ne bututun fitar da wari. Dabara ce da aka ƙirƙiro a Cibiyar Bincike ta Blair da ke ƙasar Zimbabuwe cikin shekarun 1970: a kafa bututu mai faɗin inci huɗu daga ramin, ya zarce rufi da kamar rabin mita, a ɗaure bakinsa da raga. Iska na janye warin sama, ƙudan da ya bi haske ya maƙale a ragar. Aikin yini guda ne.

Haka nan famfon da ke ɗiga. Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa na salwantar da fiye da lita 11,000 a shekara, wato jarka 440. Maganinsa sau da yawa 'yar roba ce da zaren naɗin bututu, da sifana, da minti goma.

Abin da za a yi da hannu, da abin da za a bari

Shafa fenti, da cike tsaga, da canza kan famfo, da kafa labule da madubi da kanta, da shimfiɗa leda a ɗaki, duk ayyuka ne da magidanci ko matasan gida za su iya. Ɗaki mai ƙafa 12 a kowane gefe yana da bangon da ya kai murabba'in mita 40. Lita guda ta fentin ruwa kan rufe murabba'in mita takwas zuwa goma a shafi ɗaya, don haka lita takwas zuwa goma sun isa shafi biyu. Babu dalilin sayen bokiti mai lita 20 saboda ɗaki ɗaya, sai dai idan maƙwabta biyu sun yi karo-karo sun raba. A kankare tsohon fenti, a bar bango ya bushe sarai, sannan a shafa. Launi mai haske na ƙara wa ƙaramin ɗaki fili, yana kuma rage bukatar kunna fitila da rana. Ga katanga da zaure, farar ƙasa da iyaye suka saba da ita har gobe tana aikinta.

Amma akwai iyaka. Haɗa wayar lantarki a banɗaki, da zuba murfin kankare a kan rami, da binne bututu a bango, na masu sana'a ne. Kuskure a nan ba asarar kuɗi kaɗai yake jawowa ba. Sanyin Jos, musamman a watannin Disamba da Janairu, kan sa wasu jefa hita a bokiti ko shigar da kaskon gawayi banɗaki su rufe ƙofa. Na farko na iya jawo kamun lantarki, na biyu kuma hayaƙinsa marar wari na iya kisa. Ƙaramar taga a sama ta fi kowane ƙyale-ƙyale amfani a ɗakin wanka.

A wajen sayen kaya ma, Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ana iya yin tsimi a labule da leda da kujerun hannu na biyu, domin idan sun lalace a canza su ba tare da fasa komai ba. Abin da za a binne a ƙasa ko a bango kuwa, kamar bututu da gam ɗinsa da waya, a sayi nagari tun farko.

Abin da ke ciki ga 'yan kasuwa

Tun bayan gobarar da ta cinye Babbar Kasuwar Jos ta Taminus a watan Fabrairu na 2002, da rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 waɗanda suka sauya tsarin zaman garin, ciniki ya watsu zuwa unguwanni. Ana sayen katako a Kasuwar Katako, ana kuma samun kasuwar kayan gini a kan hanyar Bukuru, amma ga mai bukatar rabin buhun siminti da tayil katan biyu, kuɗin mota zuwa can da dawowa na iya cinye rangwamen da ya je nema. Nan ne ɗan kasuwar unguwa ke da dama: sayar da siminti a mudu, da fenti a lita, da bututu a ƙafa, da bayar da hayar tsani da injin yankan tayil, da karɓar biya kashi-kashi daga amintattun abokan ciniki ko ƙungiyoyin adashi. Ribar kowane ciniki kaɗan ce, amma jari na juyawa da sauri.

Tushen kayan ma ya canza. A 2015 Babban Bankin Nijeriya ya sa tayil da siminti da kwanon rufi cikin jerin kayayyaki 41 da ya hana wa kuɗin musaya a farashin gwamnati, takunkumin da bai janye ba sai a watan Oktoba na 2023. A tsawon waɗannan shekaru masana'antun tayil na cikin gida, irin su West African Ceramics da ke Ajaokuta a Jihar Kogi, sun sami gindin zama a kasuwa. Ɗan kasuwar da ke sarin na gida ya fi samun sauƙin tsayar da farashi fiye da wanda ke jiran na Sin ko Sifen ko Italiya, wanda farashinsa ke bin Dala sawu da ƙafa.

Girman bukatar kuwa ba ƙarami ba ne. Binciken da Gwamnatin Tarayya ta gudanar tare da Asusun UNICEF a 2021 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 48 ke bahaya a fili a ƙasar nan, kuma wani nazari na Bankin Duniya a 2012 ya ƙiyasta asarar da rashin tsabtar muhalli ke jawo wa Nijeriya a kan Naira biliyan 455 a shekara. A 2021 Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa ta ƙirga fiye da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, fiye da 3,600 suka rasu. Dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Nuwamban 2019 ta tsayar da 2025 a matsayin wa'adin kawar da bahaya a fili. Jihar Jigawa ta riga kowa cimma hakan a 2022, amma ƙasar baki ɗaya ba ta kai ba. Cike wannan giɓi aikin magina ne da masu gyaran famfo da masu shagunan kayan gini, gida bayan gida.

Ga masu gidajen haya, lissafin ya fi fitowa fili. Ɗakin da ke da banɗaki mai tsabta ya fi saurin samun mai kamawa, ya kuma fi riƙe shi. Shi kuwa ɗan haya, kafin ya kashe kuɗinsa a tayil ko masai, wajibi ne ya yi yarjejeniya a rubuce da mai gida a kan yadda za a cire kuɗin daga haya, domin abin da aka manna a gini ba ya bin mai tashi.

Saboda haka jerin aikin a bayyane yake: rufi da magudana tukuna, sai masai da daɓe, sai famfo, sannan fenti, labule a ƙarshe. Magidancin da ya bi wannan tsari, ko da a damina uku zai kammala, shi ne kwalliyarsa za ta biya kuɗin sabulu.