Jirgin Sama a Kan Tebur: Me Masu Tuƙin Kwaikwayo Ke Saye, Me Suke Koya?

A ƙasashe da dama akwai mutanen da in sun taso daga aiki sai su zauna gaban kwamfuta, su tayar da injin Boeing 737, su nemi izinin tashi, su yi awa biyu a sama, su sauka a wani gari, duk ba su bar ɗakinsu ba. Harka ce mai tarihi. Manhajar Microsoft Flight Simulator ta fito tun 1982, X-Plane ta Austin Meyer ta biyo baya a 1995. A 2020 kamfanin Asobo na birnin Bordeaux a Faransa ya sabunta ta Microsoft, ya shimfiɗa duniya baki ɗaya daga hotunan tauraron ɗan'adam, har da yanayin sama na ainihin lokacin.

Manhajar takan zo da jiragenta, amma wanda abin ya shiga ransa ba ya daɗewa sai ya nemi na ƙari, waɗanda wasu ƙananan kamfanoni ke shafe shekaru suna ƙerawa. PMDG ya yi suna da jiragen Boeing 737 da 777, Fenix kuma ya fitar da Airbus A320 a 2022. Irin waɗannan, mutum kan tarar da su a kashe, ɗakin matuƙi duhu. Sai ya kunna batir, ya tayar da ƙaramin injin da ke wutsiya don samun wuta da iska, ya jira na'urar gane wuri ta daidaita, abin da kan ci kusan minti goma, ya shigar da hanya da nauyi da yawan mai. In ya tsallake wani mataki, injin na iya ƙin tashi. Ƙaramin jirgin Comanche na kamfanin A2A har tuna yadda aka riƙe shi yake yi: a bar shi yana aiki a ƙasa da mai fiye da kima, fulogi ya yi datti, gobe a tarar da matsalar tana jira.

Farashin wasu jiragen ya kai na manhajar kanta, ko ya zarce. Sai dai masu sa kai sun cike giɓi: A32NX na ƙungiyar FlyByWire da Zibo 737 na X-Plane duk kyauta ne, kuma ba su da abin rainawa. Kukan da aka fi yi shi ne duk lokacin da aka sabunta manhaja, wani jirgin da aka saya ya daina aiki daidai har sai masu shi sun gyara.

Kayan hannu nan ne kuɗi ke zurarewa. Madannin kwamfuta abu biyu ya sani, an danna ko ba a danna ba, alhali jirgi lallashi yake so, a ja kaɗan, a saki kaɗan. Shi ya sa abin saye na farko shi ne sandar tuƙi irin ta Airbus, ko sitiyari irin na Boeing da Cessna. Kamfanonin Thrustmaster, Logitech da Honeycomb ne suka fi cika kasuwa. Na biyu, wanda sababbin shiga kan raina, shi ne fedar ƙafa. Jirgi mai farfela ɗaya kan karkata hagu in an ba shi wuta zai tashi, kuma da ƙafar dama ake miƙe shi. Haka in iska na bugowa daga gefe wajen sauka, ƙafa ce ke daidaita hancin jirgi da titi. Totur ya zo na uku.

Abin lura wajen saye yana ciki, ba a jiki ba. Masu araha kan auna motsi da wani ƙarfe mai gogar ɗan'uwansa, wanda kan cinye ko ya sha ƙura, sai jirgi ya riƙa rawa ba a taɓa shi ba. Masu aiki da maganaɗisu ba sa gogayya, don haka sun fi ƙarko. Masu ƙaramin ƙarfi da basirar hannu kuwa kan haɗa nasu da katako da allon Arduino da manhajar MobiFlight.

Abin da ke ba harkar armashi shi ne jama'a. A dandalin VATSIM, wanda aka kafa a 2001, masu sa kai ne ke zama a matsayin jami'an hasumiya, suna ba da umarni da murya bisa ƙa'idar filayen gaske. Nan ake gane wanda ya karanta littafin jirginsa da wanda ya tara kaya kawai.

Duk da haka, abin na da iyaka. Kujerar gida ba ta motsi, jiki ba ya jin nauyin juyi ko rawar iska. Malaman tuƙi kan ce ɗaliban da suka taso da kwamfuta sun iya karanta agogunan jirgi, amma sukan manta da kallon waje. Hukumar jiragen sama ta Amurka ba ta lissafa awannin horo sai a na'urar da ta amince da ita. Amfanin kwaikwayo kuwa tsoho ne: akwatin horon da Edwin Link ya ƙera a 1929 ya koyar da dubban ɗaruruwan matuƙa a Yaƙin Duniya na Biyu.

Ga matashi a Kano ko Damagaram, cikas ɗin sananne ne: kayan da dala ake saye, ga wuta, ga tsadar data, musamman da yake fitowar 2024 ta Microsoft daga intanet take jawo yawancin abin da take nunawa. Amma FlightGear kyauta ce, kuma sandar tuƙi ɗaya ta isa farawa. Mai burin shiga kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya zai fi cin riba in ya riƙe Cessna 172 kaɗai, ya lazimci jerin bincikensa kafin tashi, ya maimaita sauka har hannunsa ya faɗa, kafin ya kashe ko kwabo a kan Boeing.