Hattara Iyaye da Malamai: Yaro Ya Gane Labari Kafin Ya Taɓa Lamba

Ka aiki ɗan shekara bakwai kanti da naira 500 ya sayo sabulun 300, zai dawo maka da canjin 200 cif-cif. In mai kanti ya rage masa ko hamsin ce, ba zai gusa ba sai an cika. Amma ka rubuta masa wannan cinikin a takarda, sai ya yi ta cizon fensir, ƙarshe ya rubuta 800. Nan fa a hau shi da faɗa, a ce masa daƙiƙi, wani lokacin har da bulala.

Ba a nan kaɗai ake ganin haka ba. A 1985 wasu masana suka wallafa binciken da suka yi kan yara masu talla a birnin Recife na ƙasar Barazil. A wajen ciniki yaran kusan ba sa kuskure, amma da aka ba su lissafin nan a rubuce irin na makaranta, sai kuskure ya yi yawa. Kai yana ja, hanyar koyarwar ce ke buƙatar gyara.

Tarkon haddace kalmomi

Babbar illar ita ce gajeriyar hanyar da ake koya wa yara a gida da makaranta: "In ka ga 'duka' ko 'ya fi', ka tara. In ka ga 'saura', ka ɗebe." Tana aiki a tambayoyi masu sauƙi, daga baya ta jefa yaro rami. Duba wannan: Audu ya ci dabino 3, saura 4 a hannunsa. Guda nawa ne da shi tun farko? Wanda ya haddace dokar zai ɗebe ya ce 1, alhali amsar 7 ce. Ga wata: Binta na da lemo 8, ta fi Ladi da 3. Nawa Ladi ke da shi? Sai ya tara ya ce 11, alhali 5 ne.

Yaron da aka saba wa haka yakan daina karanta tambaya, ya koma farautar lambobi. Wajen 1980 a Grenoble ta Faransa an tambayi 'yan firamare: jirgin ruwa na ɗauke da tumaki 26 da awaki 10, shekarun matuƙin nawa? Cikin yara 97, 76 sun sarrafa lambobin nan sun ba da amsa, ga shi kuwa tambayar ba ta da amsa.

Tambayoyin ba iri ɗaya ba ne

Akwai na ƙari, kamar a ce kaji 4 ne aka sayo 2. Akwai na ragi, a ce an sayar ko an cinye. Akwai na haɗa kashi biyu, kamar maza 6 da mata 5 a aji. Sai na kwatantawa, wato wa ya fi wani kuma da nawa, wanda ya fi ba yara wuya. A 1983 wani masani mai suna Hudson ya nuna wa ƙananan yara hoton tsuntsaye 5 da tsutsotsi 3. Da ya ce tsuntsayen sun fi tsutsotsin da nawa, da yawa suka kasa. Da ya ce tsuntsu nawa ne ba zai samu tsutsa ba, kusan kowa ya ce 2. Lissafin bai canza ba, an dai faɗe shi yadda yaro zai iya hango shi.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, a karanta tambayar a hankali, sannan a ce yaro ya maimaita labarin da bakinsa, da Hausa, ko da littafin na Turanci ne. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da harshensu na Yarbanci sun yi fice, kuma Turancinsu bai koma baya ba.

Na biyu, a kawo abin taɓawa: tsakuwa, murafen kwalba, ƙwallon dabino ko tsinken tsintsiya. Ya jera na Binta a sahu ɗaya, na Ladi a ƙasa, ɗaya daidai da ɗaya, ya ga rarar da idonsa. Daga nan ya koma zana su a takarda, sai a ƙarshe ya rubuta lamba da alama. Kada a hana shi ƙirga da yatsu, mataki ne da zai wuce da kansa.

Na uku, a riƙa sauya inda aka ɓoye amsar. Yau a tambayi abin da ya rage, gobe abin da aka fara da shi, jibi abin da aka ƙara. A bar shi ma ya ƙirƙiro nasa labarin daga 9 a ɗebe 4.

Na huɗu, in ya ba da amsa, daidai ko kuskure, a ce masa: "Yaya ka yi ka samu?" Nan ake gane inda ya karkace. A kuma saba masa da auna amsarsa da hankali: zai yiwu Ladi ta samu 11 bayan an ce Binta mai 8 ta fi ta?

Duka da tsawa suna haifar da tsoron lissafi, tsoron da kan bi mutum har girmansa. Uwar da ba ta yi boko ba ma tana da rawar takawa, domin rabon ƙosai da safe da ƙirga kaji da yamma duk darasi ne. Iyaye su duba littafin aikin yaransu a wannan makon. In sun ga an jera kalmomi an ce a haddace, su je su zauna da malamin cikin mutunci, ko su tayar da maganar a taron iyaye da malamai.